Kukan Motar Baba

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kai ƙanwata Saratu gidan mijinta a Maraɗi ba. Ko da ma na so in manta, Gwaggo Hansatu tana nan da ranta, kuma ba ta da labarin da ya fi wannan daɗi a bakinta. Duk suna, duk biki, sai ta sake ba da shi, kullum da ƙari. Shi ya sa na ga gara in faɗa da kaina, in dai asirina zai tonu, aƙalla ya tonu daidai.

Mahaifinmu direba ne. Shekara da shekaru yana jigilar fasinja tsakanin Jibiya da Maraɗi a wata farar mota mai dogon baya, wadda ya sa wa suna 'Yar Fara. Da Allah ya yi masa rasuwa aka zo rabon gado, kowa ya ce a sayar da ita, ni kuwa na kafe sai an sa ta a kasona. Ni malamin firamare ne, kuma daga gidanmu zuwa makarantar tafiyar minti goma ce a ƙasa. Ba mota nake buƙata ba. Kujerar direban nake so, wadda ta lotsa daidai jikinsa, da carbin da ke rataye a madubi, da ƙanshin turarensa da ya kama ko'ina a ciki. Wani lokaci bayan la'asar sai in shiga in zauna, ba tare da na tayar da ita ba, in riƙe sitiyari kawai. Kewar Baba ta yi mini yawa a lokacin, ba na ɓoyewa.

(Kuma tun ranar da na karɓi makulli na ɗora wa kaina wani girma. Duk inda aka tayar da zancen mota sai in gyara zama in ce, "Ai ni ɗan direba ne." Alhali iyakar sanina da mota in zuba mata mai, in zuba mata ruwa, in wanke ta ranar Juma'a.)

Wajen wata bakwai da rasuwar, wata safiya na taka birki a kwanar gidanmu, sai na ji wani siririn ƙara daga ƙafar gaba: ƙiiii. Wallahi na san wannan kukan. Ina yaro, in muna tafe da Baba motar ta yi shi, sai ya sauke gilashi, ya karkata kai, ya sake taka birki a hankali, sannan ya dube ni yana murmushi ya ce, "Ka ji ta?" Ranar kuwa ranar daɗi ce. Ba ya ɗaukar fasinja. Sai mu miƙe Magama, bakin boda, garejin amininsa Baba Haruna, mutumin Maraɗi da ya daɗe da zama a nan. A shimfiɗa mini tabarma ƙarƙashin bishiyar bedi, a sayo mini dambu da fura, su biyu kuma su durƙusa a gefen mota suna ta hira da dariya. Me suke yi a gefen motar? Ban taɓa tambaya ba, hankalina na cikin kwano. Ni a wurina ziyara muke zuwa.

To wannan safiyar na sake taka birki, ta sake yin ƙiiii. Na kifa kaina a kan sitiyari na yi kuka, ni da gemuna.

Daga ranar na zama mai neman dalilin taka birki. Kaza ta gifta can nesa, birki. Mai keke ya waiwayo, birki. Har na koma bin hanyar bayan kasuwa zuwa makaranta, don ta fi yawan kwana. Wani abokin aikina ya ce, "Malam, motar nan taka tana ƙara fa." Na yi masa murmushin tausayi na ce, "Muryarta ce. Sai ɗan direba ke gane wannan."

A nan sai na yi muku bayanin Inna. Ni ne ɗan farinta, ita kuma irin matan da ce masu riƙe kunyar ɗan fari da gaske. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa zama mun yi hira ba. In na gaishe ta sai ta amsa tana kallon wani wuri. Duk abin da take so in sani, Saratu ce 'yar aike. Ina zaune a gabanta za ta ce, "Saratu, ki ce ma yayanki abinci shina nan." Haka muka taso. Na san tana sona fiye da kowa, amma ƙarya nake in na ce ban taɓa sha'awar in ji ta ce mini "kai" ba.

Ranar farko da na iso gida motar tana wannan kukan, na tarar da ita tsaye a tsakar gida da ludayi a hannu, ta kasa kunne. Na ce a raina, Allah sarki, ita ma ta tuna shi. Washegari Saratu ta kawo mini tsohuwar jakar kayan aikin Baba, mai sifanu da filaya a ciki. Ta ce, "Inna ta ce a ba ka." Na rungume jakar, na goge ta tas, na buga ƙusa a bangon ɗakina na rataye ta sama da gado. Kowane baƙo ya shigo sai na nuna masa.

Bayan mako biyu Saratu ta sake zuwa. "Yaya, Inna ta ce ka tahi ka gaida Baba Haruna." Na ce lallai kam, hakkin aminin uba ne, na ma yi sakaci. Na yi wanka, na sayi goro, na hau acaba na tafi Magama. Acaba fa. Motar na bar ta a ƙofar gida, na lulluɓe ta da tamfol don kada ta sha rana.

Baba Haruna ya ji daɗin zuwana ƙwarai, muka yi wa Baba addu'a. Can ya leƙa bayana ya ce, "Ina 'Yar Fara?"

"Tana hutawa, Baba."

"Lahiya take dai ko?"

"Ƙalau. Kamar lokacin Baba."

"To madalla," in ji shi.

Da na dawo, Saratu ta ce Inna ta tambaya da me na tafi. Da aka ce mata acaba, sai ta shige ɗaki. Daga nan ta daina shiga motar gaba ɗaya. Ko gaisuwa za ta a wata unguwa, na ce in kai ta, sai ta ce Saratu ta ce mini tana son ta miƙe ƙafa. Na fassara wannan ma da kaina: tunawa ce ta yi mata nauyi. Na ƙara jin tausayinta.

Ita kuwa 'Yar Fara muryarta sai canzawa take. Ƙiiii ɗin nan mai daɗi ya koma gurrr, kamar ana niƙa a kan dutse. Birki ya fara nisa, sai na tura ƙafa can ƙasa kafin ya kama. In na taka da ƙarfi sitiyari ya yi ta rawa a hannuna, motar ta ja hagu. Na buɗe gaba na ga man birki ya ragu a ɗan kofinsa, na sayo na cika, na koma makaranta ina jin kaina cikakken makanike. Sauran kuma na ce tsufa ne, ai mutum ma muryarsa tana kauri in ya manyanta.

Ana cikin haka aka sake buɗe bodar da aka rufe, aka sa ranar bikin Saratu. Tun tana ƙarama Baba yake yi mata alkawari cewa shi da kansa zai kai ta ɗakinta a 'Yar Fara, yana tsokanarta wai ko Agadas aka ba da ita. Allah bai nufe shi da ganin ranar ba. Dangin ango suka ce za su turo motoci, na ce su turo, amma amarya ba ta shiga motar kowa sai ta ubanta. Saratu ta yi ta kuka don daɗi. Wannan alkawarin shi kaɗai ya rage da zan iya yi wa Baba, kuma ba na son kowa ya taɓa mini shi.

Saboda boda, da hantsi aka shirya tafiya. Mota huɗu, ni a gaba, na sha babbar riga ta farar shadda. A baya Saratu ce a lulluɓe, tsakanin wata ƙawarta da Gwaggo Hansatu, ƙanwar Baba. An cika bayan motar da akwatuna. Da yake hanya ta yi nisa aka ce a haɗa da kayan gara gaba ɗaya, don haka aka ɗaure fantekoki a sama, cike da alkaki da nakiya da dubulan. Motar har ta zauna don nauyi. Inna ba ta fito ba, kamar yadda aka saba, sai dai na hango ta a soro tana yi wa wata maƙwabciyarmu raɗa. Na ce hawaye take ɓoyewa.

Ba mu fita gari ba Gwaggo ta fara. "Kai, wai injin niƙa anka ɗauro muna ƙarƙashin motar ga?"

Na sassauta murya na ce, "Gwaggo, muryar ɗan'uwanki ce take rakiyar ɗiyarshi."

Baiwar Allah ta sa bakin mayafi tana share ido. (Wannan jimlar ita ce Gwaggo ta fi son maimaitawa a taro, har da kwaikwayon muryata.)

Muna isa Magama na hango Baba Haruna tsaye a bakin titi daidai garejinsa, yana ɗaga hannu biyu sama, da wata baƙar leda a ɗaya. Har tsakiyar titi ya so ya shigo. Na ce Allah sarki, ya fito yi wa ɗiyar amininsa bankwana. Na danna masa hon sau uku, na ɗaga masa hannu, na kauce masa na wuce.

Daga garejin akwai 'yar gangara zuwa shingen boda. Doguwar gora a gicciye, tsofaffin tayoyi an tara a gefe, ma'aikata a inuwa, ga 'yan canji, ga masu talla, ga 'yan acaba, ga direbobin layin Maraɗi, rabinsu abokan Baba. Kowa ya san 'Yar Fara, wasu har sun miƙe suna ɗago hannu. Na gyara hula, na taka birki.

Gurrr. Ba ta tsaya ba.

Na sake takawa har ƙasa. Gurrr, ta ja hagu, ta ci gaba da abinta. Ba gudu muke ba, mai keke ma zai iya wuce mu, amma babu alamar tana da niyyar tsayawa. Kun san abin da ɗan direba ya yi? Bai tuna da birkin hannu ba, bai tuna da rage giya ba. Da baki na kama ce mata, "Tsaya! Tsaya mana! Don Allah tsaya!" Ma'aikacin da ke riƙe da gora ya ɗaga mini hannu, ya sake ɗagawa, sannan ya dubi fuskata ya yi tsalle gefe. Tarin tayoyin nan ne suka tare mu. Dum! Igiyar sama ta tsinke, fanteka ta sulalo ta kan gilashi ta kife a gaban mota. Alkaki da dubulan suka watsu a titi, wasu suka gangara ta ƙarƙashin gora suka riga amarya wucewa, ba wanda ya tambaye su takarda.

Alhamdulillahi ko ƙwarzane babu wanda ya yi. Sai muryar Gwaggo daga baya: "La'ilaha illallahu! Wagga ita ce muryar ɗan'uwan nawa?"

Ma'aikatan suka taso da faɗa, amma da suka ga amarya, direbobi kuma suka sa baki cewa motar marigayi ce, sai suka sassauto. Wani dattijon direba ya zagayo, ya shafa gaban motar, ya dube ni ya ce, "Tun kahin a haihe ka motar ga take wucewa nan. Ba ta taɓa taɓa ko tsinke ba." Faɗan ma'aikata bai yi mini ciwon wannan maganar ba.

Sai ga Baba Haruna yana haki, da ledarsa. Bai yi mini tsawa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya sa aka tura motar gefe, aka kawo jak, ya cire tayar gaba. Ya kwance kusoshi biyu, ya zaro wani abu kamar tafin hannun yaro. Ya buɗe leda ya ciro sabo irinsa, ya ɗaga su biyu sama a gaban jama'a. Takalmin birki ne, shi yana ce masa filaket irin ta mutanen Nijar. Sabon yana da nama mai kaurin yatsa a jikinsa. Nawa ƙarfe ne zalla, sai ƙyalli yake.

"Diba nan," in ji shi, yana nuna wani ɗan siririn ƙarfe a gefen sabon. "Shi ka kuka. An sa shi ne don in filaket ta cinye, shi taɓa faifai shi yi ƙara, ka san lokaci ya yi. Kai har shi ka cinye. Tun yaushe ta fara?"

Na ce, "Wata huɗu."

Direbobi suka ɗauki salati.

"Babanka ranar da yaj ji shi, ranar yaka zowa. Ko mota ta cika sai shi sauke fasinja shi ba wani. Ba ta taɓa kwana da kukan ga ba. Kai kana nan bisa tabarma, komi gabanka munka yi shi."

Da na yi shiru da an wuce wurin. Amma sai bakina ya ce, "Ni na zaci ziyara muke zuwa."

Har ma'aikacin da ya yi tsalle sai da ya riƙe ciki.

"Innarku ta aiko a bugo min waya tun da sahe," Baba Haruna ya ci gaba, yana goge hannu. "Ta ce a ce ma Haruna shi tare motar nan bisa hanya. Ta ba ka jakar aiki, ta turo ka wurina, kaz zo min bisa kabu-kabu da goro. Na tsaya tsakar titi ina tsai da kai, ka yi min hon."

A nan dangin ango suka matso suka ce a mayar da amarya motarsu. Gaskiyarsu ce, ba ni da bakin musu. Na tsaya kaina a ƙasa ina kallon dubulan a kan kwalta, na san na zubar da alkawarin Baba da hannuna. Sai wata 'yar murya ta fito daga cikin lulluɓi: "Ba ni sauka. Motar Baba za ta kai ni." Amarya fa, wadda ba a jin ko tarinta a irin wannan rana.

Baba Haruna ya dube ta, ya kau da kai na ɗan lokaci, sannan ya ce a ba shi awa ɗaya. Ya tura abin da ke matse takalmin ya koma ciki, ya goge faifan ƙarfen da takalmin ke kamawa da samfefa, don ya yi zane-zane saboda gugar ƙarfe, ya ce wannan in mun dawo sai an canza shi ɗungurungum. Ya sa sabon takalmi, ya ɗaure. Da aka zo ɗaya ƙafar, ya ce ba a canza gefe ɗaya a bar ɗaya, ya miƙo mini sifana. "Ɗan direba, bisimilla." Haka na durƙusa da farar shadda a bakin boda, yana nuna mini kusa ɗaya bayan ɗaya, daidai wurin da Baba yake durƙusawa. Hannuna ya yi baƙi, rigar ma ba a magana. Da muka gama ya sa na shiga na yi ta taka birki motar na tsaye, har ya yi tauri a ƙafata. Ya ce wanda ya manta da wannan, sabon takalmi ma ba ya kama masa a takun farko.

Na gyara zama zan tayar, sai ya miƙo hannu ta taga. "Makulli."

Na ba shi. Shi ya ja 'Yar Fara har Maraɗi. Ni kuwa na koma kujerar gefe, wadda nake zama ina yaro, da fantekar alkakin da aka tsince a kan cinyata. Duk inda ya rage gudu sai in kasa kunne, ba na jin komai. Motar Baba ta kai Saratu har ƙofar ɗakinta, sai dai ba ni na kai ta ba, kuma har yau abin yana sosa mini rai.

Kafin magariba muka dawo. A Magama ya ba ni makulli, ya ce jibi in kawo ta, ita da kanta, ba goro ba. Na iso ƙofar gida na taka birki, ta tsaya cak, shiru. Na daɗe a zaune. Wata huɗu ina jin kamar Baba na kusa, yanzu an cire ɗan abin da ya rage mini an jefa a kwandon gareji.

Na yi sallama na shiga. Inna na zaune ita kaɗai a tsakar gida tana tsince wake a faifai. Ta amsa, ta buɗe baki, ta juya wajen ƙofar ɗakin Saratu kamar yadda ta saba. Ɗakin a rufe. Babu 'yar aike. Ta daɗe tana juya waken nan, sannan, idonta a kan faifai, ta ce:

"Haka yake shigowa. Ba a jin tsayuwarshi, sai dai a ji sallama."

Baba take nufi.

"Ka ci abinci?" in ji ta.

Ka. Shekarata talatin da huɗu ina jiran wannan, sai ranar da na kunyata ta a gaban ƙasa biyu na same shi. Na ce ban ci ba, alhali a ƙoshe nake, don kawai ta sake cewa wani abu.

Jakar Baba ta sauka daga bango, tana bayan mota inda ya kamata. Na daina cewa ni ɗan direba ne, sai dai in wani ya faɗa. Kuma yanzu duk wanda Inna ta ce in je in gaisar, ko liman ne, sai na fara tambaya: da mota ko a ƙasa?